Turmi Uku Babu Ramuwa

Shafi na 21

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma. Rana ta sunkuya amma zafin bazara bai sauka ba, yashin filin makarantar har yanzu yana ƙona tafin ƙafa. Can gabas hadari ya haɗo baƙi ƙirin ya tsaya cak, ba iska, ba yayyafi.

Sirajo na bakin tukubarsa yana juya tsire lokacin da dutsen farko ya sauka a kan kwanon ajin da ke bayansa.

Kwaram!

Sai ga na biyu.

"Sirajo munka zo gani! A hito muna da shi!"

"Ko a maido muna kuɗɗinmu!"

Kun dai tuna yadda aka zo nan. Ƙaramar sakandaren gwamnati ta unguwarsu, nan bayan Ƙofar Rini, ba ta da ko ƙwallo ɗaya mai iska. 'Yan matan ƙungiyar muhawara kuma sun cinye gasar cikin gari, amma babu motar da za ta kai su Gusau su kara da na sauran jihohi. Cikinsu har da Shamsiyya, ƙanwar Sirajo. Shi ne iyayen yara suka ce a yi ajo, kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa. Mata suka soya masa da awara. Manoman Kwalkwalawa suka aiko da albasa a sayar. Shi Sirajo ya ce nasa taimakon tsire ne. Sai Maigandi, wanda aka ba shirya damben da zai jawo jama'a, ya je ya buga hoton Sirajo a takarda cewa zai yi dambe, ya manna gari duka, bai ko tambaye shi ba.

Alhali kowa ya sani, shekara uku ke nan Sirajo bai ɗaura zare a hannu ba. Tun ranar da ya fasa wa wani abokin karawarsa, Siddiƙu, ido a filin dambe. A ranar Inna ta ƙone zarensa a murhu, ta sa shi ya durƙusa gabanta, ta ce:

"Ka sake dukan ɗan wani, Sirajo, ban yahe maka nonon da ka sha ba."

To ga inda aka tsaya.

Malam Jalaluddeen, malamin da ke kula da ƙungiyoyin ɗalibai, ya zo da gudu, hularsa a hannu, gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu.

"Sirajo, don girman Allah."

"Malam, na gaya maka. Tsire nika yi."

"Na sani. Wallahi na sani, ban san Maigandi zai yi wanga aiki ba. Amma diba can."

Sirajo ya duba.

Samari sun fara girgiza teburin bakin ƙofa, inda aka ajiye daron da ake zuba kuɗin shiga da na liƙi. Dattawa biyu sun dafe daron da hannuwa huɗu. Wani ya ɗaga bencin ɗalibai ya buga da ƙasa, ƙafarsa ta fita. A barandar ofis 'yan matan muhawara sun cure wuri ɗaya cikin fararen hijabai, Shamsiyya na tsakiyarsu.

Maigandi ya biyo bayan Malam, makirufo a hannu, yana murmushi kamar bai yi komai ba.

"Haba sadauki, turmi ukku na fa kacal."

Sirajo ya ɗago ya dube shi. Wuƙar yankan tsire na hannunsa. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya ajiye wuƙar a hankali a kan faranti.

"Maigandi, kai ka san abin da Inna tac ce."

"Inna tana gida. Wa zai hwaɗa mata?"

"Allah."

Maigandi ya sosa ƙeya.

"To shiga ka hwaɗi mana. Ka dahwa ƙasa da hannu, a ce an kashe ka, kowa shi huta."

Malam ya girgiza kai da sauri.

"A'a! Waɗanga mutane sun san dambe. In sunka ga ya hwaɗi da gangan, za su ce an sai da wasa. Sai sun ƙone makarantag ga."

A dambe dai haka abin yake. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan. In kuwa aka yi turmi uku ba wanda ya taɓa ƙasa, sai a raba, a ce babu kisa, kowa ya tafi da mutuncinsa.

Wani dutsen ya fasa gilashin tagar ofis. 'Yan matan suka yi ihu.

Sirajo ya cire rigarsa ya ninke ta, ya ɗora a kan takalmansa.

"A ba ni zare."

Malam ya kama masa hannu.

"Inna fa?"

"Duka tah hana ni, Malam. Ba ta hana a dake ni ba. Zan tsaya turmi ukku. Ba ni kai ma kowa hannu."

"Kai, wanga hauka na!"

"Ka je ka tsare daro."

Ba a shiga fili da hannu sake, wannan doka ce tun ta kakanni. Wani tsohon mahauci ya zauna ya naɗe masa hannun dama da tsumma, ya bi shi da zare, yana ja yana ɗaurewa har yatsun suka dunƙule kamar kan taɓarya. Sirajo bai dubi hannun ba ko sau ɗaya.

Masu kalangu na hango shi suka sauya kiɗa, suka ɗauko takensa na da. Filin ya ɗauki ihu. Jikinsa ya fara tsuma shi kaɗai, tun daga ƙafa har wuya. Allah Sarki, shekara uku jiki bai manta ba. Ya runtse ido ya ce a'uzubillahi.

Da ya buɗe, sai ga abokin karawarsa tsaye a tsakiyar fili.

Tukur ne. Ƙanen Siddiƙu uwa ɗaya uba ɗaya.

Sirajo ya juya neman Maigandi. Maigandi ya kau da kai, ya hau yi wa masu kuɗi kirari a makirufo.

Al'ada ce alƙalin wasa ya matsa hannun kowane ɗan dambe ya ji ko an ɓoye wani abu a cikin zare. Amma ranar, saboda hayaniya da tsoron jifa, alƙali bai tsaya ba. Ya hura usur kawai ya ja baya.

Tukur ya matso, ya miƙa hannun hagu gaba, na dama a baya. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Mai tsire. Ka gane ni?"

"Na gane ka, Tukur. Ina yini?"

"Uwaka ad da ina yini. Ido niz zo amsa. Na dama, irin na yayana."

"Allah shi ba ka haƙuri."

Tukur ya kawo hannu.

Sirajo ya tare da damtsen hagu. Ƙarar da aka ji ba irin ta zare a kan tsoka ba ce. Wani sanyi ya tsarga masa tun daga gwiwar hannu har ƙaramin yatsa, hannun ya mutu nan take.

Ya san wannan dukan. Ya taɓa jinsa sau ɗaya a rayuwarsa.

Mazagi ne. Ƙarfen nan mai zobba da miyagun 'yan dambe ke zura yatsu a ciki su naɗe da zare.

Ya dubi Tukur. Tukur ya yi murmushi.

"Ka ji shi ko? Yi kuwwa mana. Hwaɗa musu."

Sirajo ya waiga gefen da mahauta 'yan'uwansa suke tsaye, sun fi talatin, da yawansu daga mayanka suka zo, wuƙaƙensu na ƙugu. In ya buɗe baki ya ce ƙarfe, Tukur ba zai fita filin nan da ƙafarsa ba. Ajo kuma ya tashi ke nan, a makarantar da aka zub da jini ba wanda zai sake barin 'yarsa ta tsaya bayan an tashi.

Ya rufe bakinsa.

Duka na biyu ya same shi a goshi, saman girar dama. Fatar ta buɗe kamar an sa reza. Jini ya sauko ya rufe masa ido.

"Rama! Sirajo rama!"

"Kai, hayaƙin tukuba ya cinye mai zuciya!"

"Ko yaji zaka barbaɗa mai?"

Aka yi dariya. Sirajo ya share jinin da bayan hannun hagu, ya gyara tsayuwa. Hannun damansa na nan a baya, bai motsa ba.

Usur. Turmi na ɗaya ya ƙare.

Tsohon mahaucin ya kwara masa ruwa a ka, ya danna masa tsumma a goshi, ya ɗaga ya leƙa ciwon.

"Ɗana, wagga tsaga ba ta zare ba ta."

"Ta zare ta, Baba. Hwatata ta yi laushi, na daɗe ban sha duka ba."

"Ni zaka yi ma ƙarya? Shekara arba'in ina ɗaure hannu."

"Baba, don darajar iyayenka ka yi shiru. Turmi biyu sunka rage."

Tsohon ya sake danna masa tsumman a goshi.

Usur.

Wannan karon Tukur bai tsaya magana ba. Ya kai ƙafa a cinya, ya bi da hannu a haƙarƙari. Sirajo ya ji wani abu ya ce ƙas a cikinsa, numfashi ya tsaya masa a wuya. Ya lanƙwashe, jama'a suka miƙe tsaye, amma bai dafa ƙasa ba. Ya ɗago.

Tukur ya ƙara a baki. Leɓe ya fashe. Sirajo ya tofar da jini da guntun haƙori.

"Rama mana, ɗan banza! Rama in ji daɗin kashe ka!"

"Ba ni ramawa, Tukur."

"Don mi?"

"Na yi alkawali."

"Da kah hwasa ma yayana ido ina alkawalinka?"

Ya sake kawowa. Sirajo ya sunkuyar da kai, ƙarfen ya goge masa kunne.

A hankali dariyar jama'a ta fara mutuwa. Masu zagi suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Sun ga sau uku Tukur ya bar haɓarsa a buɗe, irin buɗewar da Sirajon da ba ya bari ta wuce, sau ukun kuma hannun bai tashi ba.

Wani dattijo mai sayar da fata ya ce da ƙarfi:

"Jama'a, wanga yaro ba tsoro yaka ji ba. Alkawalin uwarshi yaka riƙo."

Ya taka har bakin ƙofa, ya zuba liƙi a tabarmar da makaranta ta shimfiɗa kusa da daron. Wata mai awara ta kwance bakin zanenta ta bi bayansa. Daga nan mutane suka yi ta zuwa. Sanƙira mai shela ya rasa sunan wa zai kira ya bar wa, yana ta faɗin wane ɗan wane ya bayar, wance ta bayar, Allah shi maida.

Usur. Turmi na biyu.

Shamsiyya ta ratso mutane ta zo inda yake zaune, hijabinta ya karkace, tana kuka har da shessheƙa.

"Yaya, ka hwaɗi! Don Allah ka dahwa ƙasa! Na hwasa zuwa Gusau, wallahi ba ni so!"

Ya yi ƙoƙarin yin murmushi, leɓen ya ƙi.

"Ke da kinka hana mu kwana da haddar turanci? Ko akuyar Inna ta iya jawabinki."

"Yaya..."

"Koma cikin ƙawayenki. Kar ki diba nan."

Usur.

Sirajo ya tashi da ƙyar. Idon dama ya kumbure ya rufe rabi, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa sama da ƙirji. Iska ta fara kaɗawa daga gabas, mai ƙanshin ƙasa.

Tukur ya zagaya shi ta dama, ta inda ba ya gani sosai. Ya kai masa a kafaɗa. Ya ƙara a wuya. Sannan ya ja baya, ya tattara ƙarfinsa duka, ya nufi idon.

Ya kuskure. Ƙarfin kawowar ya ja shi gaba, ya zo ya tsaya daf da Sirajo, haɓarsa a sama, hannuwansa duka a ƙasa.

Hannun Sirajo ya tashi.

Wallahi ba shi ya ɗaga ba, hannun ne ya tashi da kansa, ya je can baya, kafaɗa ta juya, ƙafa ta kafe. Masu kalangu suka ɗaga kiɗa. Filin gaba ɗaya ya ce:

"Kashe shi!"

Tukur ya ga hannun. Idanunsa suka firfito. Ya san in wannan ya sauka, sai dai a ɗauke shi.

Hannun ya tsaya cak a sama.

Sirajo na jin ƙaurin zaren nan da Inna ta ƙone, kamar yanzu ake ƙona shi.

Ya sauke hannun a hankali, ya mayar da shi baya.

Tukur bai jira ba. Ya ɗirka masa a kumatu, ƙasan ido kaɗan. Sirajo ya yi baya taga-taga, ƙafafunsa suka harɗe, gwiwarsa ta nufi yashi, saura kamar faɗin yatsa biyu. Ya ciji leɓensa da ya fashe, ya miƙe.

Tukur ya ɗaga hannu zai ƙarasa.

Sai aka riƙe hannun ta baya.

Siddiƙu ne. Shi ne mai gadin makarantar yanzu, tun da ido ya raba shi da dambe. Tun fara wasa yana bakin ƙofa, baƙin tabarau a fuska. Ba wanda ya ga lokacin da ya shigo fili.

"Yaya, sake ni!"

"Kwance hannun ga."

"Sake ni nic ce! Saura kaɗan!"

Siddiƙu ya murɗe hannun ya kai shi bayan Tukur, ya sa haƙori ya tsinke bakin zaren, ya hau warwarewa. Alƙali ya yi ta hura usur, ba wanda ya kula shi. Zare ya zube, tsumma ya zube.

Ƙarfen ya faɗo a kan yashi, zobba huɗu, jini a jikinsu.

Kiɗa ya tsaya. Filin ya yi tsit, har ana jin kwanon aji na motsi da iska.

Tukur ya fashe da ihu, muryarsa na karyewa:

"Idonka nika rama maka! Shekara ukku kana gadi kamar tsoho, shi yana yawo da idanu biyu!"

Siddiƙu ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen. Ya cire tabarau, ramin idon ya fito fili.

"Ina kas samu wanga?"

Bai jira amsar Tukur ba.

"Ƙasan akwatina kaɗ ɗauko shi. Ka taɓa tambayata mi yaka yi can?"

"Yaya..."

"Diba haɓar Sirajo. Diba tabon can na hagu. Wa yay yi mai shi?"

Tukur ya duba. Kowa ya duba. Tabon na nan, tsohon ɗinki ne da gemu bai rufe ba.

"Ni na. Da wanga ƙarhe. Ranar nan ni nis shiga mai da mazagi, don an yi man alkawalin babur in na kashe shi. Na tsaga mai haɓa turmin hwarko. Yaj ji ƙarhe, yas san in bai kashe ni da wuri ba ni zan illata shi, yak kawo hannu da iyakar ƙarhinshi. Hannunshi zare na tsantsa. Nawa ad da ƙarhe."

Ya juya ga jama'a, muryarsa ta ɗaga.

"Ya sani! Shekara ukku ya sani! Ina asibiti yaz zo yag gaishe ni, bai hwaɗa ma kowa ba. Gari duka na ce mai mugu. Uwarshi ta kusa tsine mai. Bai buɗe baki ba, don kar a ce mai ido ɗaya kuma macuci!"

Tukur ya dubi Sirajo, bakinsa a buɗe.

"Gaskiya na?"

Sirajo ya tofar da jini.

"Ya wuce, Tukur."

Amma wurin mahauta bai wuce ba.

"Ƙarhe! Ƙarhe sunka sa ma ɗanmu! Sau biyu!"

Suka ɓarke igiyar fili suka shigo. Na farko ya maka wa Tukur ƙafar benci a gadon baya, ya kife. Wani ya sa masa ƙafa a ciki. Aka ture Siddiƙu ya faɗi gefe, tabaransa ya karye ƙarƙashin takalma. Samarin unguwar su Tukur suka taso su ma, da duwatsu da gorori. Mata suka watse da ihu, kaskon mai ya kife, tukubar Sirajo ta rushe, tsire ya zube cikin yashi. Can bakin ƙofa Malam Jalaluddeen ya kwanta rub da ciki a kan daron da tabarmar liƙi, ana tattaka shi, yana faɗin:

"Na yara na! Ku ji tsoron Allah, na yara na!"

Sirajo ya hango wuƙa ta fito daga kube.

Bai san inda ya samu ƙarfi ba. Ya kutsa tsakiyarsu, ya faɗa a kan Tukur, ya rufe shi da jikinsa, ya sa kansa a kan nasa. Sandar da aka kawo wa Tukur ta sauka a bayan Sirajo. Ta biyu ma haka.

"Tashi, Sirajo! Tashi mu gama da shi!"

"Ba ni tashi."

"Kai wane irin mutum na? Kashe ka yaz zo yi!"

"To ni yaz zo kashewa, ba ku ba. Gazali, maida wuƙag ga. Makaranta ta nan. Ɗiyarka na aji biyu, tana kallonka."

Gazali, mai wuƙar, ya waiga baranda. Ya mayar da wuƙar cikin kube.

Ƙarƙashinsa Sirajo na jin Tukur na kuka kamar ƙaramin yaro.

Sai aka yi wata tsawa, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ruwan farko na shekara. Cikin ɗan lokaci fili ya zama taɓo, masu kalangu suka rungume gangunansu suka ruga, dattawa suka samu shiga tsakani suna ture samari da sanduna. Aka janye Tukur aka tura shi cikin wani aji aka kulle. Maigandi kuwa, ko ƙurarsa, makirufonsa kaɗai aka gani cikin ruwa.

Sirajo ya ja jiki ya jingina da bangon baranda. Ruwa na wanke masa jini yana gangarowa ƙirji. Malam ya wuce rungume da daron, rigarsa a yage, yana ɗingishi. Ya tsaya zai yi magana, kuka ya ci ƙarfinsa, ya ɗaga daron sama kaɗan don Sirajo ya ga ba abin da ya taɓa shi, ya shige ofis.

Shamsiyya ta zo a guje, ta durƙusa gabansa.

"Yaya! Inna!"

"Mi yas samu Inna?"

"An je an hwaɗa mata kana dambe! Ga ta can bakin ƙohwa!"

Ya ɗaga idon da ya rage. Can bakin ƙofar makaranta, cikin ruwan, ga 'yar tsohuwa da sanda, ba lema, zanenta ya manne a jiki, tana tambayar mutane suna nuna mata baranda.

Ya dubi hannunsa na dama. Zaren na nan ɗaure, ya jiƙe, ya yi ja da jininsa da ruwa ya gangaro da shi.

Wa zai gaya wa Inna cewa jininsa ne?

Ya kai hannun hagu zai kwance. Yatsun sun kumbura, sun ƙi lanƙwasuwa. Ya sa haƙori, bakinsa da ya fashe ya ƙi. Shamsiyya ta kama ƙullin tana ja, ruwa ya sa ya ƙara cijewa.

"Yaya, ya ƙi! Ya ƙi!"

Inna ta wuce tsakiyar fili.

Wani ya tsuguna a gefensu, ya ture hannun Shamsiyya a hankali. Siddiƙu ne, ba tabarau, goshinsa a fashe. Bai dubi Sirajo ba. Ya sa farce ƙarƙashin ƙullin, irin na wanda ya san yadda mahauta ke ɗauri, ya ja sau ɗaya, ya saki. Ya warware zaren da sauri, ya cire tsumman, ya dunƙule su ya tura cikin aljihunsa. Ya kamfaci ruwan da ke zuba daga indararo ya wanke hannun tas.

Sannan ya tashi ya bi ta bayan ajujuwa, bai waiwayo ba. Sirajo ya buɗe baki, kafin wata kalma ta fito har ya sha kwana.

Hannun ya fita fes. Sai dai shatin zaren na nan kwance a fata, layi-layi, tun daga wuyan hannu har yatsu.

Ƙarar sanda ta tsaya a gabansa.

Inna ba ta dubi fuskarsa ba, ba ta dubi jinin ba.

"Sirajo."

"Na'am, Inna."

"Miƙo man hannunka na dama."